Ɗaukar Hoton Karnuka A Situdiyo: Inda Riba Take Da Inda Haɗari Yake Ga Masu Hoto A Fatakwal, Anacha Da Inugu

FATAKWAL: Duk mai shagon hoto da ya daɗe a unguwannin Hausawa na Fatakwal, Anacha da Inugu ya san cewa hoton fasfo ne ya riƙe sana'ar shekara da shekaru. Hoton Sallah da na biki na lokaci ne, amma fasfo kullum ana nemansa: mai buɗe ajiya a banki, mai neman lasin tuƙi, maniyyaci, ɗan makaranta. Wannan ƙofa ta soma tsukewa tun da hukumomi suka koma ɗaukar hoton mutum da na'urarsu. Hukumar zaɓe ta yi haka a rajistar 2011, bankuna suka bi sahu da lambar BVN a 2014, haka kuma ake yi wajen lambar ɗan ƙasa da fasfon fita waje. Sauran cinikin kuwa wayar hannu ta yi awon gaba da mafi yawansa. Ko kamfanin Kodak na Amurka, wanda fim ɗinsa ya cika shagunanmu a da, sai da ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Janairun 2012.

Saboda haka mai hoto tilas ya nemi aikin da waya ba ta iya yi da kyau. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ayyuka, wanda da yawa daga cikin masu karatu za su yi wa kallon abin dariya, shi ne ɗaukar hoton karnuka a cikin situdiyo. Maƙasudin wannan bayani shi ne a duba yadda aikin yake, da abin da yake ci, da kuma sharuɗɗan da Bahaushe mai hoto ya kamata ya gindaya wa kansa kafin ya sa hannu.

Su wa ke biya?

Hausawa sun daɗe a waɗannan birane. Bayan an gano kwal a Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal don fitar da shi, jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu a 1916, daga baya layin ya tarar da na Arewa. Fatake da mahauta da masu shanu suka biyo hanya, har ta kai Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A yau ana samun jama'armu a wajejen Asata da Gariki ta Awkunanaw a Inugu, da titin Bida da titin Sakkwato kusa da babbar kasuwar Anacha, da tsohon gari da Diobu a Fatakwal, da kuma Oyigbo. To amma mai biyan kuɗi a ɗauki hoton karensa ba a waɗannan unguwanni yake zaune ba. Yana Independence Layout ko New Haven a Inugu, ko a unguwannin GRA na Anacha da Fatakwal, inda ake ajiye karnukan ƙasashen waje irin su Alsatian, Rottweiler, Boerboel na Afirka ta Kudu, Caucasian, da ƙananan nan masu gashi kamar Lhasa.

Masu neman aikin iri uku ne. Akwai mai gida da ya ɗauki karensa tamkar ɗan gida, yana so a yi masa babban hoto a saka a firam. Wannan yana biya da kyau, amma jefi-jefi yake zuwa. Akwai asibitocin dabbobi da shagunan abincin karnuka da kamfanonin gadi, masu neman hoton talla. Sa'an nan akwai masu kiwon karnuka don sayarwa, waɗanda a ganinmu su ne ƙashin bayan kasuwar, domin duk lokacin da karya ta haihu suna bukatar sabon hoto. Mafi yawan cinikinsu a Jiji da Instagram da WhatsApp yake farawa, mai saye yana Legas ko Abuja, kwikwiyo yana Fatakwal. Cinikin biri a sama ne, hoto kawai ke tsakani. Ga kuma 'yan damfara da ke ciro hotunan karnuka daga intanet su karɓi kafin alƙalami su ɓace. Don haka hoton da aka ɗauka a shago sananne, da kwanan wata da sunan shagon a jikinsa, yana da daraja irin ta shaidar dillali a kara.

A ƙasashen Turawa abin ya daɗe da zama sana'a mai zaman kanta. William Wegman na Amurka ya yi suna tun shekarun 1970 da hotunan karnukansa da ya riƙa ɗauka a situdiyo, kuma ƙungiyar masu kayan dabbobin gida ta ƙasar ta ƙiyasta cewa Amurkawa sun kashe dala biliyan 147 a kan dabbobinsu a 2023. Dattawa za su tuna karen nan mai sauraren garmaho a jikin faifan HMV, ko da yake shi zane ne na Francis Barraud. Kada dai a ruɗu da waɗannan alkaluma. Kasuwarmu ƙarama ce ƙwarai, tana tattare a unguwanni ƙalilan.

Batun addini da idon unguwa

Wannan shi ne abin da mai hoto zai fara warwarewa kafin ya sayi ko da kyalle ɗaya. Sananne ne cewa a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu ke bi, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai don bin umarni. Shafi'iyya kuwa suna ɗaukarsa najasa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a kowace makarantar zaure, ya taƙaita ajiye kare ga tsaron gona, da rakiyar dabbobi, da farautar neman abinci, ya kuma ambaci hanin sayar da karnuka, tare da saɓanin malamai game da waɗanda aka yi izinin ajiyewa. Masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi, tsoro ya yi yawa. Ga kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da rashin shigar mala'iku gidan da ke da kare ko sura, wanda ya taɓa ɓangarorin wannan sana'a duka biyu, duk da cewa malaman zamani sun yi saɓani kan shigar hoton kyamara cikin hukuncin. Wannan shafi ba na fatawa ba ne. Mai niyyar shiga ya je ga malaminsa, ya kuma bambance masa hoton karen gadi da hoton tallan kwikwiyo na sayarwa, domin amsar tana iya bambanta.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne lissafin kasuwa, kuma a fili yake. Ko da malami ya ce ba laifi, abokin ciniki yana da nasa hukuncin. Alhajin da ya ga an fito da ƙaton kare daga shagon da ke daura da masallaci ba zai ƙara turo iyalinsa su zauna a kan wannan darduma ba, kuma ba zai faɗa wa mai shago dalili ba. Amarya ba ta shimfiɗa leshinta inda kare ya kwanta. Cinikin Sallah biyu da na bukukuwa, komai raguwarsa, ya fi cinikin karnuka yawa a unguwar Hausawa, kuma wanda ya haɗa su a ɗaki ɗaya yana iya wayar gari babu tsuntsu babu tarko. Shawararmu ita ce a raba wuri, a raba kaya, a raba har sunan shago in da hali. Hanya mafi sauƙin jari ita ce a yi yarjejeniya da wani asibitin dabbobi mai zaman kansa, a karɓi ɗaki ɗaya rana guda ko biyu a mako, a riƙa ba su kaso. Can ne masu karnukan ke zuwa da ƙafarsu, likita yana kusa, kuma an saba da wanke wurin. Hanya ta biyu ita ce situdiyon tafi-da-gidanka: fitilu biyu, da sandunan rataye kyalle, da batir, a kafa a garejin mai kare.

Yadda ake aikin

Kare ba ya jin "tsaya haka, kada ka motsa". Duk dabarar tana komawa ga wannan. Ana amfani da fitila mai walƙiya, watau filasha, domin haskenta gajere ne ƙwarai, shi ke daskarar da motsin. Galibin kyamarori suna daidaita da filasha a kan saurin kashi ɗaya cikin 200 ko 250 na daƙiƙa, kuma akan tsuke ƙofar haske zuwa wajen f/8, saboda hancin kare yana da nisa da idonsa. In an buɗe ta sosai sai ido ya fito tangaran, hanci ya yi dishi-dishi. A kan ido ake saita gilashi kullum. Mai hoto kuma ya durƙusa, ko ma ya kwanta, har kyamara ta yi daidai da idon dabbar. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yana ƙara girman kai ya gajarta ƙafafu, wanda kuwa mai sayen kare ƙira yake dubawa.

Kada a haska filasha daga saman kyamara kai tsaye. A bayan idon kare akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ne ke sa idonsa ƙyalli da dare, kuma in haske ya shiga ta gaba sai idanun su fito kore ko ɗorawa kamar na aljani. A ajiye fitilar a gefe, sama kaɗan, a tausasa ta da lema ko akwatin farin kyalle. Baƙin kare irin Rottweiler yana shanye haske, don haka yana bukatar fitila ta biyu daga baya ko daga gefe, wadda za ta zana iyakar jikinsa ta raba shi da bango. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan launin toka-toka, shi ya sa yake mayar da baƙin kare ruwan toka, farin kare kuma ya fito kamar ya yi birgima a ƙura. Gara a saita komai da hannu. Bango mai launin toka ba ado ya fi dacewa da kusan kowane kare. Labulen nan mai zanen bene da jirgin sama a bar wa 'yan Sallah.

Ƙasan ɗakin ma abin lura ne. Tayil mai santsi yana tsorata kare, da zarar ƙafarsa ta zame sau ɗaya ya daina sakin jiki. A shimfiɗa roba mai kauri wadda ake iya wankewa. A naɗe wayoyin lantarki, a danne ƙafafun fitilu da buhun yashi, domin Boerboel baligi ya kan haura kilo 60, wutsiyarsa kaɗai ta isa ta kayar da fitilar da aka saya da dala.

In kare ya iso, a bar shi ya zagaya ya shinshina ɗakin na 'yan mintoci, a gwada filasha yana nesa don ya saba. Jinsa ya fi na mutum nisa, yana kama sautin da ya ninka iyakar kunnenmu fiye da sau biyu, saboda haka ƙarar janareta a bakin ƙofa ko 'yar ƙarar cajin fitila tana iya hana shi natsuwa. Wannan kaifin ji kuma shi ne makamin mai hoto: ɗan fito ko abin wasa mai ƙara yana sa ya ɗaga kunnuwa ya karkata kai, a wannan ƙiftawar ido ake danna maɓalli. Dabarar ba ta wuce sau uku ko huɗu kafin ya gane. Abin lasawa kuwa a bar mai kare ya zo da nasa, ko a dafa hanta ba gishiri ba yaji. Tsire da kilishi ba su dace ba, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, haka nan cakulan da inabi guba ne gare shi.

Zafi ma yana ɓata aiki. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. A damshin Fatakwal, kare mai gashi irin Caucasian, wanda asalinsa na duwatsu masu ƙanƙara ne, cikin minti kaɗan zai zaro harshe, hoto ya lalace, lafiyarsa ma ta shiga haɗari. A guji tsofaffin fitilu masu zafi, a tanadi ruwa da iska, a yi aikin da safe. Wannan damshin dai shi ke haifar da fumfuna a cikin gilashin kyamara, don haka a riƙa ajiye shi a akwati mai murfi da ƙullin maganin danshi.

Cizo da cuta

Ciwon haukan kare yana nan a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duk ta hanyar kare ake kamuwa. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Saboda haka doka ta farko a shago ita ce: ba katin rigakafi, ba hoto. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar hauka yana da wata uku, ana kuma sabuntawa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa allurar. In an yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Mai kare ne zai riƙe karensa daga farko har ƙarshe, yaron shago ba ya taɓa igiya. Kare mai yawan hamma da lasar leɓe, wanda ya kwantar da kunnuwa ya cusa wutsiya, ko ya sandare yana harara farin idonsa a waje, yana faɗa ne cewa ya gaji. A tsaya nan take, ko da ba a samu hoton ba.

Akwai wata asarar da masu hoto ba su cika tunawa da ita ba. Cutar parvo, mai sa 'yan kwikwiyo amai da zawon jini, tana iya zama a ƙasa ko a jikin kyalle wata da watanni. In kwikwiyon mutum ɗaya ya bar ta a shago, na mutum na biyu ya ɗauka, ɗaukacin haihuwar tana iya salwanta, kuma a wuyan mai shago za a rataya. Ana wanke ƙasa da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kusan kashi 30 na ruwa, bayan kowane zama. 'Yan kwikwiyon da ba su gama allurarsu ba, gara a bi su gida da sabon kyalle.

Lissafi

Hoton fasfo minti biyar ne. Zaman kare ɗaya, in an haɗa shiri da jira da wanke ɗaki da zaɓen hotuna a kwamfuta, yana cin sa'a biyu ko fiye, kuma mutum biyu yake bukata. Wanda ya yi farashi da yawan kati kamar yadda aka saba zai yi aikin banza. Kuɗin zama daban, a karɓi rabinsa tun kafin ranar. Kuɗin wanki da firam daban. A sa kuɗin wuta a ciki, domin tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 farashin fetur ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin Band A zuwa Naira 225 kowane ma'auni. Kyamara da fitila da tawada duk daga waje suke zuwa, Naira kuwa ta faɗi daga wajen 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. A ware wani abu daga kowane ciniki don ranar da fitila za ta fashe. Masu aiki a Anacha da Inugu kuma sun ga yadda zaman gida na ranar Litinin, wanda aka fara a Agustan 2021, ya ci musu ranakun aiki. Sa'ar da aka yi ita ce masu karnuka sun fi samun sukuni Asabar da Lahadi.

A rubuta yarjejeniya, ko da rabin shafi ce: wa ke da alhakin ɓarna ko cizo, kuma ko mai hoto yana da izinin nuna hoton a talla. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta shafi hotuna, kuma ban da doka ma, mai gida ba ya son a yaɗa hoton karen gadinsa da ƙofar gidansa ga duk mai waya. Sa'an nan a kiyayi algus. Gyara haske da share igiya daga hoto ba laifi, amma miƙe karkatacciyar ƙafa ko rufe ƙazuwa da kwamfuta don a sayar da kwikwiyo ha'inci ne, kuma sunan shagon ne a jikin hoton ranar da mai saye zai dawo da ƙara.

Wanda ya ga duk wannan ya ce shi kam ba ya iya kare, bai yi asarar karatu ba. Kusan duk abin da aka faɗa game da haske da tsayin kyamara da bango yana aiki a kan rago da sa da doki, kuma nan ne jama'armu suka fi ƙarfi. Dillalai a Gariki ta Inugu, da Ugwuoba, da Amansea kusa da Awka, da Lokpanta a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, sun daɗe da komawa tura hoton dabba ta WhatsApp kafin mai saye ya taso, galibi hoton da aka ɗauka da tsakar rana a cikin turke, dabbobi goma a cakuɗe. Kyalle mai launin toka faɗin mita uku, da inuwar rumfa, da sanda mai alamar awo a gefe don a ga tsayin dabbar, sun isa su fito da ragon Balami ko Uda yadda mai kuɗi a Trans-Amadi zai gan shi sosai. Ana ɗaukar gefe, da gaba, da baya, da kuma haƙora don a san shekaru. Makonni uku kafin Babbar Sallah ne lokacin, kuma tun kafin motocin farko su iso daga Arewa ya kamata a je a gaida Sarkin Kara a nemi wurin kafa rumfa.